Yadda Ake Fitar da Furanni a Kan Kek da Kirim ɗin Bota, Ko da a Zafin Zariya

Tun da na yi wa ƙanwata kek ɗin kamunta mai furannin wardi a kai, tambaya ɗaya ake ta maimaita mini, a gidan biki da a waya: "Anti, wannan fulawar saye ake yi ko da hannu kika yi?" Da hannu ne, kuma bota ce da aisin shuga kawai, ana cinye ta tare da kek ɗin. Amsa ɗaya-ɗaya ta fara fin ƙarfina, shi ya sa na zauna na rubuta aikin daki-daki yadda nake yin sa a kicin ɗina.

Ki riƙe abu ɗaya tun yanzu, 'yar uwa. Fure a cikin kwano yake fara kyau, a cikin kwano kuma yake fara lalacewa. Yawancin masu ce mini "ni hannuna ba ya iyawa", idan na je na taɓa kirim ɗinsu sai in tarar hannun lafiya lau yake, kirim ɗin ne ya yi ruwa ko ya ɗumame. Don haka za ki ga na daɗe a kan bota da kwaɓi kafin mu kai ga matsa fure. Kada ki tsallake wurin.

Kowane ɓangare guda na fure, wanda idan sun taru suke zagaye tsakiyarsa, kunne nake kiransa a nan, don kada ya rikice da koren ganye.

1. Tara kayan aiki

Nozul shi ne ɗan bakin ƙarfen da ake sa wa ledar matsa kirim, kuma ba ki bukatar akwatin nan mai guda hamsin da ake tallatawa. Guda biyar sun isa: lamba 104, wanda bakinsa yake kamar ɗigon hawaye, gefe ɗaya fāɗi ɗaya siriri, shi ne mai fitar da kunnuwa, lamba 12, mai zagayayyen baki, na gina gindin wardi, lamba 352 na ganye, lamba 3 na ɗige-ɗigen tsakiya, sai 1M mai baki kamar tauraro na cike gurbi. Kamfanin Wilton na Amurka ne ya yi suna da waɗannan lambobin, kuma yawancin nozul na kasuwa lambobin nan suke bi. Idan kina son ƙananan furanni, 102 da 103 ƙannen 104 ne. Idan manya kike so, ki nemi 125.

Sai ƙusar fure, wato ƙarfe mai kama da ƙusa da faffaɗan kai, lamba 7, faɗin kansa kusan santimita 4. Sai ledojin matsa kirim, kofla mai ba ki damar canja nozul ba tare da sauya leda ba, takardar gasa kek da za ki yanyanka murabba'i santimita 5, ƙaramin almakashi mai tsafta, tsinken sakace, rariya mai laushi, sikeli, farantin ƙarfe da zai shiga firiza, wuƙar shafa kirim, da faifai mai juyawa. Shagunan kayan kek na kasuwar Sabon Gari da na wajen Samaru suna kawo su.

Hattara: kafin ki biya kuɗin 104, ɗaga shi ki duba bakin a haske. Idan siririn gefen ya matse ko ya lanƙwashe, ko kin ga ɗinkin ƙarfe a jikinsa, ajiye shi. Irin wannan shi ke yayyaga bakin kunne, ki yi ta zargin kanki a banza.

2. Zaɓi bota daidai da lokacin shekara

Botar madara ta asali tana fara narkewa ne tsakanin digiri 32 zuwa 35. A Zariya kuwa, daga Maris zuwa Mayu zafin rana yakan wuce haka, balle a kicin da aka kunna oban. Ke nan a bazara botar madara zalla ba za ta riƙe miki fure ba, komai daɗinta.

Ga yadda nake yi. A hunturu, daga Disamba zuwa farkon Fabrairu, ina amfani da botar madara zalla ko in haɗa ta da majarin irin Simas rabi da rabi. A bazara da damina sai in koma majarin rabi, farin man shotenin irin Crisco rabi, domin shi sai zafi ya haura digiri 45 yake narkewa. Gaskiya ɗanɗanonsa bai kai na bota ba, yana ɗan barin maiƙo a baki. Abin da nake yi shi ne, kirim ɗin da zan zuba a tsakiyar kek da wanda zan shafe jikinsa in yi shi da bota mai daɗi, na furanni kaɗai nake sa wa shotenin. Mai ci ya sami daɗi, fure ya tsaya.

Hattara: botar shafa wa burodi mai laushin nan ba ta wannan aikin ba ce. Ruwa ya yi mata yawa.

3. Haɗa kirim

Ma'aunin mai sauƙin riƙewa ne: bota kashi 1, aisin shuga kashi 2, a kan sikeli. Wato bota giram 250, aisin giram 500, banila ƙaramin cokali 1, madara ta ruwa babban cokali 1, da ɗan gishiri a yatsa idan botar ba ta da shi.

Ki fara tankaɗe aisin, sau biyu idan da hali. Ƙullutu ɗaya kamar ƙwayar gero ya isa ya toshe siririn bakin nozul. Kada kuma ki ce za ki niƙa sukari a bilenda ki mai da shi aisin, ba ya yin laushin da ake so, za a ji shi ƙuras-ƙuras kamar yashi, kunnuwan ma su fito da ƙuraje.

Botar ta kasance idan kin danna da yatsa ta lotsa amma ba ta naso ba. Ki buga ta ita kaɗai minti 5 har ta yi haske ta ɗaga. Sannan ki rage gudun miksa zuwa na ƙasa, ki zuba aisin kashi-kashi sau uku ko huɗu, kowane kashi ya shige kafin ki ƙara. Banila da gishiri su biyo baya. Madara ita ce ta ƙarshe, kuma kada ki juye ta gaba ɗaya, ɗigo-ɗigo za ki sa kina dubawa.

Yanzu sai abin da mutane da yawa ba sa yi. Ki kashe miksa, ki ɗauki ludayin roba ko muciya ƙarama, ki riƙa danna kirim ɗin a jikin kwano kina shafawa, minti 3 zuwa 4. Iskar da ta shiga lokacin bugu kike fitarwa. Idan kin bar ta, kina cikin jan kunne sai ki ji "fut", kunnen ya tsinke a tsakiya.

Kauri kala uku ake bukata a kek ɗaya. Na fure mai tauri ne, kamar tunkuza: ki soka cokali a tsakiyar kwano, ya tsaya cak ko kin girgiza kwanon, idan kuma kin zare shi tsinin da ya bari bai sunkuya ba. Na ganye da ɗige-ɗige ya ɗan fi laushi, ki ƙara madara ƙaramin cokali 1 a kowane kofi. Na shafe kek shi ya fi duka laushi. Don haka mai taurin za ki fara yi, ki ɗebi na fure ki rufe, sannan ki sassauta sauran. Sassautawa ba wuya. Mai da mai ruwa ya yi tauri kuwa sai kin ƙara aisin, zaƙi ya yi yawa har ya gundiri mai ci.

Hattara: idan kirim ya yi laushi saboda zafi, ba aisin yake nema ba, sanyi yake nema. Sa kwanon a firij minti 10, ko ki ɗora shi a kan roba mai ƙanƙara, ki sake juyawa.

4. Sa kala

Kalar jel mai kauri za ki saya, ba ta ruwa ba. Ta ruwa sai kin zuba da yawa kafin ta fito, kafin nan ta tsinka miki kirim. Da tsinken sakace ake ɗiba, ki lakato kaɗan, ki goga a kirim, ki jefar da tsinken. Kada ki mai da tsinke mai maiƙo cikin kwalbar kala.

Kala tana ƙara duhu idan ta zauna. Ruwan hodar da kika haɗa da safe zai ƙara fitowa kafin azahar, don haka ki tsaya tun tana ɗan ƙasa da yadda kike so. Ja da baƙi su suka fi wahala. Sau da yawa amarya za ta ce, "Anti don Allah ja sosai, irin na ankon nan." Irin wannan jan tun daren jiya ake haɗa shi a rufe, ya kwana ya nuna. Idan kika ce sai kin kai shi nan take, za ki juye rabin kwalba, kirim ya yi ɗaci, bakin baƙi kuma ya rine.

Idan majarin ya sa kirim ɗinki ya yi rawaya alhali fari kike so, ki taɓa kan tsinke da kalar shunayya, ɗan mitsitsi ƙwarai, ki juya. Tana kashe rawayar. Koren ganye kuma kada ki bar shi shar kamar fenti, ɗan ɗigon ruwan ƙasa yana mai da shi kamar ganyen gaske.

Dabarar da ta fi burge mutane ita ce kunne mai kala biyu. Ki buɗe leda, ki shafa layi ɗaya siriri na kala mai duhu daga sama har ƙasa a cikinta, sannan ki cika sauran da mai haske. Ki juya nozul yadda siririn bakinsa zai daidaita da wannan layin. Kunnen zai fito da haske a gindi, duhu a baki.

5. Cika leda da riƙe ta

Ki sa ledar a cikin dogon kofi, ki naɗe bakinta waje, ki zuba kirim bai wuce rabi ba. Ni a bazara sulusi nake zubawa, domin tafin hannu ɗumi gare shi, kuma duk abin da ya daɗe a cikinsa narkewa yake. Ki tura kirim ɗin ƙasa, ki murɗe saman ledar, murɗin ya zauna tsakanin babban yatsa da manuniya. Daga sama ake matsawa da tafin hannu, ba a tsakiya da 'yan yatsu ba. Ki fara matsa kaɗan a cikin kwano har iskar farko ta fita.

Leda biyu nake cikawa da kala ɗaya. Ɗaya tana hannu, ɗaya tana hutawa a kan tawul ɗin da na naɗe ƙanƙara da shi. Da na ji ta hannun ta fara saki sai in musanya. Lokacin aiki kuma, bayan sallar asuba ya fi, kafin rana ta ɗaga, kicin da sanyinsa, yara ba su tashi ba.

6. Fara da fure mai kunne biyar

Kada ki fara da wardi. Idan akwai kuɓewa a bayan gidanku, je ki dubi furenta da safe: kunnuwa biyar masu ruwan madara da ɗan rawaya, kowanne ya ɗan hau kan na kusa da shi, tsakiya kuma ja mai duhu. Shi za mu kwaikwaya, kuma shi zai koya wa hannunki komai.

Ki ɗiga kirim kaɗan a kan ƙusa, ki manna takarda guda. Ƙusar tana hannun hagu tsakanin babban yatsa da manuniya, leda tana dama. Faffaɗan bakin nozul ya taɓa tsakiyar takarda, siririn ya kalli waje, a ɗan ɗage shi kaɗan daga takardar. Ki matsa, ki ɗan tura hannu waje kamar rabin santimita, a lokaci guda ki murza ƙusar kaɗan akasin tafiyar hannun agogo, ki dawo tsakiya. Ki daina matsawa tukuna, sannan ki ɗaga. Kunne ɗaya ke nan. Ki goge bakin nozul da tsumma mai tsafta, ki fara na biyu a gefen na farko, har biyar. Na ƙarshen ki ɗan ɗaga hannu don kada ki ture na farko. Da lamba 3 ki ɗiga tsakiya.

Mai amfani da hagu za ta juya komai: leda a hagu, ƙusa a dama, murzawa yadda agogo yake tafiya.

Hattara: faffaɗan baki kullum shi ne a gindi, siriri shi ne bakin kunne. Wata yarinya da nake koya wa ta shafe awa guda tana fitar da abu kamar tsutsa, har idonta ya kawo ruwa, tana cewa "Anti ni dai ba ni da rabo a wannan." Da na leƙa sai na ga nozul ɗin a kife yake. Na juya mata shi kawai. Furen da ya biyo baya har hoto ta ɗauke shi.

Ki yi ashirin a kan takarda, ki kankare ki mayar cikin kwano, ki sake. Kirim ɗin gwaji ba ya asara.

7. Wardi

A nan ne aikin yake, kuma hawa biyar ne: gindi, ƙunshin tsakiya, da zagaye uku na kunnuwa.

Gindi. Da lamba 12, ki riƙe leda a tsaye a tsakiyar takarda, ki matsa da ƙarfi gindin ya yi faɗi, ki riƙa ɗagawa kina rage matsi har ya ƙare da tsini, kamar ƙaramar albasa. Tsayinsa ya kai tsawon bakin 104 sau ɗaya da rabi. Idan gindin nan ya yi laushi, duk furen zai riƙa rawa yana kwantawa gefe. A lokacin zafi nakan yi gindi goma sha biyu a jere, in sa su a firiza minti 10 su yi tauri, sannan in ci gaba. Wannan kaɗai ya rage mini rabin wahala.

Ƙunshin tsakiya. Koma 104. Faffaɗan baki a ƙasa yana taɓa gindin wajen rabin tsayinsa, siriri a sama ya ɗan karkata ciki, ya ɗan haura tsinin. Ki matsa kina murza ƙusa zagaye ɗaya cikakke, kirim ya naɗe tsinin kamar yadda ake naɗa ɗankwali, ki gangaro da shi ƙasa ki yanke. Ramin da zai rage a sama ya zama ƙarami sosai. Idan ya buɗe baki, furen zai yi kama da kabeji.

Zagaye na farko, kunne 3. Nozul a tsaye sak, siririn baki yana kallon sama. Kowane kunne baka ne: ki fara daga ƙasa, ki hau, ki sauko, kina murza ƙusa sulusin zagaye. Tsayin bakan ya yi daidai da ƙunshin tsakiya ko ya ɗan fi shi. Na biyu ya fara daga ɗan bayan inda na farko ya ƙare, su haɗa kafaɗa.

Zagaye na biyu kunne 5, na uku kunne 7. Sirrin yana ga karkatar nozul. A na biyu siririn baki ya ɗan jingina waje, a na uku ya ƙara jingina har ya kusa kwanciya. Haka furen yake buɗewa. Kowane sabon kunne ki fara shi daga tsakiyar wanda ke cikinsa, kamar yadda magini yake jera bulo, kada gaɓa ta hau kan gaɓa. Faffaɗan baki kuma dole ya riƙa taɓa jikin furen koyaushe, in ba haka ba kunnen ba shi da abin kamawa, zai faɗo.

Hannun dama ba ya zagaya fure. Hawa da sauka kawai yake yi a wuri ɗaya, ƙusa ce take kawo masa furen. Ranar da hannayenki biyu suka fahimci wannan, kin iya.

Ga abin da furen yake gaya miki idan ya ƙi. Bakin kunne ya yayyage: kirim ya yi tauri da yawa ko akwai iska, ki ƙara madara rabin ƙaramin cokali ki sake dannawa, a hunturu an fi ganin wannan, domin iskar tana busar da shi. Kunne ya yi kauri da lanƙwasa: kina matsawa da yawa, ƙusa tana tafiya a hankali. Kunne ya tsinke: ƙusa ta fi matsin sauri. Kunnuwa suna sheƙi suna sunkuyawa: zafi ne, musanya leda.

Kada duk furanninki su zama cikakku. Ki tsayar da wasu a kunne 3, wasu a 5. A jikin itace ma ba rana ɗaya suke buɗewa ba, kuma ƙananan su ne za su cike miki gurabe.

8. Daskarar da su

Ki zame takardar daga kan ƙusa a hankali zuwa farantin ƙarfe. Idan ya cika, firiza minti 15 zuwa 20, har ki iya ɗaga fure da yatsa bai lotsa ba. Idan za su kwana, bayan sun daskare ki juye su a roba mai murfi, don kirim yana jan wari. Furen da ya kwana kusa da daddawa ko kifi, ba sai an gaya wa mai ci ba.

Idan babu wuta, ki jera ƙanƙarar leda a ƙasan kula, ki shimfiɗa tawul, ki ɗora farantin, ki rufe rabin awa. Idan wannan ma bai samu ba, sai ki ɗauke furen kai tsaye: ki buɗe almakashi kaɗan, ki zura ƙarƙashinsa, ki ɗaga, ki kai kan kek, ki rufe almakashin ki zare shi a hankali.

9. Shirya kek da jera furanni

Kek ya huce sarai, gara ma a gasa shi tun jiya. Ki yi shafin farko siriri mai kama ɓurɓushi, firij minti 20, sannan shafi na biyu mai santsi. Kalar jikin kek ta zama mai sanyi, fari ko ruwan madara, don furanni su fito.

Kafin ki taɓa kek ɗin, ki kife kwanon da kika gasa shi, ki jera furannin a bayansa ki ga tsarin. Wanda ya fi sauƙi ga mai koyo shi ne jinjirin wata: furanni su bi gefe ɗaya, su bar fili na rubuta suna. Akwai kuma zobe, su zagaye bakin kek duka.

Abin da ya raba kek ɗin gwana da na 'yar koyo shi ne matashi, wato tudun da furanni za su jingina da shi. Da lamba 12 ki ja tudun kirim mai kaurin yatsa a inda furanni za su zauna. A jikin tudun nan za ki jingina su, wasu suna kallon waje, wasu ciki, wasu a sama. Idan kika shimfiɗa su a kwance duka suna kallon rufi, kek ɗin zai yi kama da faranti da aka jera wa alawa. Manyan ki fara sawa, uku ko biyar, sai matsakaita, sai ƙanana. Ki riƙa fito da su daga firiza biyar-biyar, don a zafinmu minti 2 ya isa su saki.

10. Ganye

Da 352, bakin a buɗe sama da ƙasa kamar bakin tsuntsu. Ki cusa shi a gurbin da ke tsakanin furanni, ki matsa gindi ya yi faɗi, ki sassauta kina ja, ki daina matsawa, ki zare. Ganye shi ke rufe tudu da duk wani gefen fure da ya ɗan fashe. Amma kada ki cika, kore yana cinye sauran kaloli.

11. Lissafin kuɗi

Kwaɓi ɗaya, bota 250 da aisin 500, yana ba da kirim wajen giram 750. A hannuna matsakaicin wardi yana cin kusan giram 20, wato kwaɓi ɗaya zai fitar da talatin da 'yan kai idan ba a yi ɓarna ba. Kek mai inci 8 hawa biyu, da cikinsa da shafinsa da jinjirin wata na fure 12 zuwa 15, kwaɓi biyu nake ware masa.

Farashin bota da aisin ba ya zama wuri ɗaya, don haka duk ranar da kika yi sayayya ki tara kuɗin kwaɓi ɗaya, ki raba shi gida 30, kin san kuɗin kayan fure guda. A kan wannan ki ɗora kala, leda, takarda, ƙanƙara, da man janareta idan kin tayar don firiza. Sannan lokacinki. Mai koyo takan yi minti 5 a kan wardi guda, gwana minti 1 zuwa 2, ban da haɗa kala da jerawa da wanke nozul. Ina ganin 'yan uwa da yawa suna sayar da kek mai fure a kuɗin kek mai shafi kawai saboda kunyar faɗin farashi, kuma abin yana damuna, don awa uku ne na tsayuwa suke bayarwa kyauta. Ki raba farashin gida biyu tun wajen ciniki: "Hajiya, kek ɗin kaza ne, furanni kuma kaza." Idan ta ce ya yi yawa, sai a rage yawan fure, ba kuɗin aikinki ba. Kuɗin nozul da ƙusa sau ɗaya ne, in kina wanke su da ruwan zafi da sabulu kina shanyawa su bushe, za su yi shekaru.

12. Kai wa mai shi

Na taɓa ɗaukar kek ɗin walima daga Tudun Wada zuwa Samaru a watan Afrilu, da ƙarfe biyun rana, a Keke, kwalin yana kan cinyata. Botar madara zalla na yi amfani da ita don ina son a yaba ɗanɗano. Muka tsaya a cunkoson Kwangila, rana tana dukan kwalin ta gefe. Da na buɗe a gidan, wardin da na kwana ina yi sun zame sun taru gefe guda, jan ya bi farin ya gangara har kan allo. Uwar gidan ta dube ni ta ce, "Ba komai 'yata, ai ciki za shi." Har yau ina jin nauyin maganar nan.

Tun daga ranar ga ƙa'idata. Kek ya yi aƙalla awa 2 a firij kafin ya fita. Kwalin ya fi furanni tsayi da yatsa uku, a manne allon kek a ƙasansa da salatif. A mota, ƙasa ake ajiye shi inda yake a shimfiɗe, ba kan kujera mai gangara ba, ba kuma kan cinya ba, don jiki ɗumi ne da shi. Ba a ba ɗan acaɓa kek mai fure. A bazara da sassafe nake kaiwa ko bayan la'asar, kuma ina tambaya tun wajen ciniki ko a tsakar gida za a ajiye shi ƙarƙashin rumfa ko a ɗaki.

A damina kek ɗin da ya fito daga firij yakan yi gumi. Kada a buɗe kwalin nan take, kada kuma a goge, a bar shi a rufe rabin awa a ɗaki mai fanka, raɓar ta sauka a kan kwali maimakon kan fure. A hunturu kuwa ƙura ce abokiyar gaba, farin kunne yana kama ta nan da nan, don haka ki naɗe kwalin da leda, ki gaya wa mai karɓa kada a buɗe sai an zo yankawa.